Shawara ga malamin da ɗalibansa ke gina manhajar da babu mai iya amfani da ita

Wasiƙar wannan makon ta fito ne daga wani matashin malami da ke koyarwa a wata jami'a a arewacin Kamaru, kuma ya roƙi a sakaya sunansa da na makarantarsa. Ga abin da ya ce a taƙaice:

"Assalamu alaikum, Malam. Shekara biyu ke nan da aka danƙa mini darasin tsara fuskar manhaja da rubuta ta, ga 'yan shekara ta biyu na lisans, wato digirin farko. Tsohon malamina ne ya tsara darasin tun da daɗewa a kan harshen rubuta manhaja na Java da Swing, wato kayan gina fuskar manhaja na Java, kuma yanzu shi ne shugaban sashenmu. Ɗalibaina sun kai 120, kwamfutocin da ke aiki a ɗakin tepe, wato ɗakin koyon aiki a aikace, ba su wuce 15 ba, wutar lantarki kuma sai yadda ta ga dama. A ƙarshen zangon da ya wuce kusan kowane rukuni ya kawo mini aiki mai launuka da maɓallai birjik. Na ɗauki wanda ya fi samun maki, wata manhajar lissafin adashi, na kai wa yayata wadda take uwar adashi ce a unguwarmu domin ta gwada a kan kwamfutata. Ko zubi ɗaya ba ta iya shigarwa ba, ta ture mini ita ta ce littafinta ya fi. Ga shi kuma rabin ayyukan kwafo su aka yi daga intanet, ko aka sa na'ura mai ƙirƙirarriyar basira ta rubuta. Kunya ta kama ni. Ina tunanin ko dai in watsar da Swing in koma kayan zamani na wayar hannu, ko in roƙi a karɓe darasin a ba wani. Ina kuma jin nauyin gaya wa malamina cewa tsarinsa ya tsufa. Me kake gani?"

Wa alaikumus salam, Malam. Kada ka ajiye darasin nan, domin a cikin wasiƙarka da kanta na ga shaidar cewa kai ne ya kamata ka riƙe shi. Malamai da yawa sun shekara goma suna koyar da wannan fanni ba su taɓa ɗaukar aikin ɗalibi sun ajiye a gaban wanda aka ce domin shi aka yi ba, kai kuwa ka yi, har ka tsaya ka ji amsar da ba ta yi maka daɗi ba. Kuskurenka bai wuce cewa ka yi wannan gwajin sau ɗaya ba, a ƙarshen zango, kai kaɗai, bayan an riga an raba maki. Abin da ya kamata shi ne ɗaliban su yi shi da kansu, tun daga makon farko, su kuma yi ta maimaita shi har ya zame musu jiki.

Bari in faɗi abin da nake zaton ya faru a ajinka, ka gyara mini idan na yi kuskure. Ka bi darasin babi bayan babi kamar yadda ka gada: yau taga, gobe maɓalli, jibi akwatin rubutu da jerin zaɓi da tebur. Da lokacin duba aiki ya zo, ka buɗe kowace manhaja, ka ga tagogi nawa ne, ka danna nan da can, abin da bai fashe ba kuma ya yi kyau a ido ka ba shi 16 ko 17 bisa 20. Ɗalibi kuwa yana bin maki ne kamar yadda ruwa ke bin gangare. Ka saka farashi a kan ado, sun kawo maka ado. Kwafen da kake kuka da shi ma daga nan ya samo asali, domin duk aikin da ake auna shi da kallo kawai ana iya samo shi a shirye, kuma wanda aka samo ɗin sau da yawa ya fi wanda yaro zai yi da hannunsa sheƙi.

Saboda haka shawarata ta farko za ta yi maka kama da wasa: makonni uku na farko kada kowa ya taɓa kwamfuta. Ka raba su rukuni rukuni na mutum shida, kowane rukuni ya nemo mutum na gaske mai sana'a ta gaske, uwar adashi ko mai sayar da hatsi ko mai kantin magani ko mai rubuta lodin motoci a tasha, su zauna su kalli yadda yake riƙe lissafinsa a yau. Sa'an nan su zana kowace fuskar manhajar a takarda guda da fensir. A wajen gwaji ɗalibi ɗaya ne zai zama na'urar, wato idan mutumin ya ɗora yatsa a kan zanen maɓalli sai ya janye wannan takarda ya ajiye ta gaba. Ɗaya zai faɗi aikin da ake so a yi, misali "wance ta kawo zubinta na wannan mako, ki shigar", ɗaya kuma zai rubuta duk inda yatsa ya tsaya ko ya ɓata hanya. Doka ɗaya ce ba a sassauta ta: babu wanda zai yi bayani, babu wanda zai nuna wuri da hannu ko da ido.

Wannan dokar ita ce mafi wuya, kuma ita ce darasin. A shekarun da na yi ina koyar da irin wannan fanni, wani rukuni ya kawo wani dattijo dillalin albasa domin ya gwada zanensu na rubuta bashi. An shimfiɗa masa takardar a kan benci, aka ce ya rubuta cewa wani ya ɗauki buhu uku. Takardar tana da layin "Nom" da na "Prénom", wato sunan uba da sunan mutum a Faransanci, da na lambar waya, dukkansu dole ne a cike kafin a wuce. Dattijon ya daɗe yana kallo, ya gyara hularsa, sa'an nan ya ce shi bai san sunan uban mutumin ba, da sunan garinsu ake kiransa a kasuwa, wayarsa kuma duk wata sabon layi yake sawa. Aka wuce wannan da ƙyar. Da aka zo wajen biya, zaɓi biyu ne kawai a takardar, ya biya ko bai biya ba. Ya ce to wanda ya ba da rabi ya ce sauran sai ranar kasuwa, ina za a sa shi, alhali yawancin masu bashinsa haka suke? Yaron da ya yi zanen yana tsaye ya haɗa hannuwa a baya, gumi na zubo masa, bakinsa na motsi yana son ya yi magana ina harararsa. A ƙarshe dattijon ya nuna wani ɗan zane mai kusurwa huɗu a ƙasan takardar ya tambaya ko hoton akwatin kuɗi ne. Hoton faifan ajiya ne irin na da, alamar adanawa, wanda shi kansa yaron da ya zana bai taɓa riƙe irinsa a hannu ba. Duk zaman bai kai minti goma sha biyar ba, kuma gyaran bai ci musu komai ba sai sabuwar takarda. Da sun riga sun rubuta manhajar, da mako uku za su yi suna warwara, ko kuma, abin da ya fi yiwuwa, su ce dattijon ne bai waye ba.

Ba sai an tara jama'a ba. Jakob Nielsen, ɗan ƙasar Denmak da ya yi fice a wannan fanni, ya yi bayani a shekarar 2000 cewa gwaji da mutum biyar yakan tono kusan kashi 85 cikin ɗari na matsalolin amfani, kuma ya fi riba a yi ƙananan gwaje-gwaje sau da yawa ana gyara a tsakaninsu da a yi babba guda ɗaya. Kada ka riƙi adadin kamar aya, amma ma'anarsa ta dace da halinka sosai, domin mutum biyar kowane ɗalibi zai same su tsakanin gidansu da bakin titi.

Zancen hoton faifan nan ya cancanci awa guda a aji, domin ɗalibai suna ɗauka cewa taga da jaka da kwandon shara haka aka halicci kwamfuta da su. Ka gaya musu cewa Douglas Engelbart ya nuna wa jama'a linzamin kwamfuta ne a San Faransisko ranar 9 ga Disamba 1968, cewa a cibiyar bincike ta Xerox da ke Palo Alto aka ƙera kwamfutar Alto a 1973, cewa Xerox Star ta 1981 ce ta fito kasuwa da fuskar da ke kwaikwayon teburin ofis, kafin Macintosh a 1984 da Windows a 1985. Masu wannan aiki sun zaɓi hoton takarda da jakar fayil ne saboda mutanen da suke so su saya ma'aikatan ofis ne a Amurka, waɗanda suka san waɗannan abubuwa tun kafin su ga na'urar. Sun duba mutanensu suka zana. Ɗalibinka da ya ɗauko hotunansu ya liƙa wa mai sayar da albasa ya kwaikwayi abin da suka zana, ya bar abin da ya sa suka zana shi.

Kana kuma da wata dukiya a ajin nan da malamin Faransa ba shi da ita, wato yawan harsuna da hanyoyin ƙirga. Na tabbata a cikin 120 ɗin nan akwai 'yan Chadi, domin jami'o'in arewa ba sa rabuwa da su. Ka tambaye su a gaban aji nawa ne "miya", wato ɗari da Larabci, a kasuwar Njamena. Za su gaya maka cewa a Larabcin Chadi da riyal ake ƙirga kuɗi, riyal ɗaya kuma sefa biyar ne, saboda haka wanda ya ce ɗari yana nufin sefa 500. To idan ɗan kasuwar da ke tsakanin Kusseri da Njamena ya ga akwati an rubuta "Montant", wato adadin kuɗi, ya shigar da 100, me ya shigar? Babu littafin Java da zai yi wa ɗalibi wannan tambaya, amma manhajar da ba ta amsa ta ba za ta haɗa mutane faɗa. Haka nan rubutun lamba irin na Faransanci, inda ake raba dubbai da fili a sa waƙafi a gaban ɓangare: ka sa su shigar da "1 500" ko "2,5" a akwatin da suka haɗa da Integer.parseInt ko Double.parseDouble, umarnin Java masu mai da rubutu lamba, su ga yadda manhajar za ta yi tuntuɓe a kan abin da kowane ɗan firamare a makarantar Faransanci aka koya masa ya rubuta. Ka sa su rubuta suna mai ɓ da ɗ da ƙ da ƴ, ko ŋ ta Fulatanci, su adana su sake buɗewa, su ga ko haruffan sun dawo lafiya ko sun koma alamar tambaya. Daga nan bayanin UTF-8, tsarin da kwamfuta ke adana haruffan harsuna daban daban da shi, zai shiga kai ba tare da ka yi ta rantsuwa cewa yana da amfani ba.

Larabci kuwa, wanda yake harshen hukuma ne a Chadi tare da Faransanci, shi zai warkar maka da cutar da na san tana damun ayyukansu ko ban gani ba, wato jan maɓalli da linzami a ajiye shi a wuri ƙayyadadde. Wanda ya kafe kowane abu da lambar wuri, da zarar an faɗaɗa tagar ko an sauya kalma gajeriya da doguwa irin "Enregistrer", wato adana, sai rubutu ya yanke ko abubuwa su hau kan juna. Swing tana da masu shimfiɗa kaya da ke lissafa wuri da kansu, kuma tana iya juya fuskar gaba ɗaya daga dama zuwa hagu ta hanyar ComponentOrientation, da sharaɗin ɗalibi ya ce "farkon layi" da "ƙarshen layi", LINE_START da LINE_END, maimakon ya ce gabas da yamma. Ka ba su aiki guda: fuska ɗaya, harsuna uku, ba tare da an taɓa tsarin ba. Rukunin da ya yi aikin ƙwarai zai gama cikin minti ashirin, sauran kuma za su fahimci dalilin da ya sa ka hana su jan kaya da linzami.

Yanzu ga ɓangaren rubuta manhajar, inda nake ganin darasi irin naka yakan yi faɗi ya rasa zurfi. Ɗalibin da ya zo maka ya saba da shirin da ke farawa daga sama ya gangaro ƙasa ya ƙare. Manhaja mai fuska ba haka take ba. Kamar mai shago take, wanda ya buɗe ƙofa da safe ya zauna, bai san wa zai shigo ba, bai san me zai nema ba, kuma mutum ɗaya yake sallama a lokaci guda, sauran suna layi. Danna maɓalli, motsa linzami, buga harafi, har ma sake zana tagar bayan wata ta rufe ta, duk masu ciniki ne a layi ɗaya, kuma a Swing zare ɗaya ne, wato ma'aikaci guda a cikin manhajar, yake sallamar su duka. Idan mai shagon ya bar kanti ya tafi sito neman kaya, layin ya tsaya cik. Wannan tunani shi ne ƙashin bayan darasin, kuma na fi son ka ba shi mako uku ka bar wasu kayan ado ba a taɓa su ba, domin wanda ya gane shi zai koyi sabon maɓalli cikin minti biyar, wanda bai gane ba kuwa ko ya haddace ɗari a banza.

Kada ka tsaya a bayani, gani ya kori ji. Ka rubuta taga mai maɓalli ɗaya a gabansu, ka sa Thread.sleep, umarnin da ke sa shiri ya dakata, na daƙiƙa goma a cikin aikin da ke ɗaure da maɓallin, ka kira ɗalibi ya danna. Tagar za ta sandare, maɓallin zai maƙale, shi kuwa ba tare da an ce masa komai ba zai sake dannawa sau uku ko huɗu, kamar yadda kowannenmu yake yi. Bayan daƙiƙa goma duk dannawar da ta taru a layi za ta zubo, aikin ya maimaitu. Sai ka tambaye su: da wannan maɓallin na shigar da zubin adashi ne, sau nawa aka rubuta wa matar nan kuɗi, kuma wa zai biya bambancin ranar kwasa? Daga nan ka nuna SwingWorker, wato yaron shago da ake aika sito domin maigida ya ci gaba da sallamar mutane, da kashe maɓallin na ɗan lokaci, da alamar da ke nuna cewa ana aiki. Akwai ma'aunai uku da aka daɗe da sani: amsar da ta zo cikin kashi ɗaya bisa goma na daƙiƙa mutum yana jin ta nan take, wadda ta kai daƙiƙa ɗaya yana lura amma tunaninsa bai yanke ba, wadda ta wuce daƙiƙa goma kuwa hankalinsa ya riga ya tafi wani wuri. Android ma tana da irin wannan zare guda, kuma idan aka toshe shi kimanin daƙiƙa biyar mutum yana taɓa allo, wayar da kanta take fito da saƙon cewa manhajar ba ta amsawa.

Abu na biyu da ya cancanci zurfi shi ne raba lissafi da fuska. Ka hana su buɗe taga sai sun rubuta lissafin adashin tsurarsa, wa ya zuba, wa ya yi rabi, wa ke da kwasa, sun kuma gwada shi ba tare da maɓalli ko ɗaya ba. Wannan rabuwa Trygve Reenskaug ɗan ƙasar Norwe ya tsara ta a cibiyar Xerox ɗin nan a 1979, kuma har yau a kanta ake gini da sunaye iri iri. Hanyar gane wanda ya yi ta mai sauƙi ce: ka ce ya nuna maka jimillar kuɗi a wuri na biyu a tagar. Idan jimillar tana zaune ne a cikin akwatin rubutu yana karanto ta daga can, zai ruɗe.

Ɗaukewar wuta ma ka mai da ita malama. Ka sanar tun farko cewa duk manhajar da ta rasa abin da aka shigar saboda na'ura ta mutu ba zato ta faɗi wannan ɓangaren, domin haka rayuwar mai amfani da ita take a Garwa da Marwa da Ngaundere. Za su koyi adana kowace shigarwa nan take, su kuma daina dogara da maɓallin adanawa da mutum zai manta. Ka fitar da su rana tsaka da kwamfutar hannu su ga yadda rubutu mai ruwan toka a kan fari yake ɓacewa, sa'an nan ka gaya musu cewa ƙa'idar WCAG, ta sauƙaƙa wa kowa amfani da shafukan intanet, tana neman bambancin haske na 4.5 bisa 1 ga rubutu na yau da kullum. Girman maɓalli kuma yana da lissafi tun 1954, lokacin da Paul Fitts ya nuna cewa lokacin kai hannu ga abu yana ƙaruwa da nisansa yana raguwa da girmansa, shi ya sa Android ke ba da shawarar wurin taɓawa ya kai kimanin milimita 9.

Game da watsar da Swing, ban goyi baya ba, aƙalla ba bana ba. Gaskiya ne ta tsufa, tun 1998 take cikin Java, kuma gaskiya ne mutanenmu a waya suke, ba a kwamfutar tebur ba. Amma tana zuwa ne tare da Java ba sai an sauko da komai ba, tana gudana a kan tsofaffin na'urori, kuma duk abin da na lissafa a sama ana koyonsa a cikinta a fili. Android Studio kuwa, wadda ake rubuta manhajar waya da ita, tana son ƙwaƙwalwar da ta kai gigabait 8 kafin ta yi numfashi, ga saukar da kaya masu nauyi, kuma ina tsoron rabin zangonka zai ƙare ne a gyaran girkawa a kan na'urori 15. Idan kana son su taɓa waya, ka ware mako biyu na ƙarshe su sake gina fuska ɗaya da HTML da JavaScript, harsunan gina shafin intanet, abin da ba ya bukatar komai sai abin rubutu da burauza, su tura wa juna su buɗe a wayoyinsu. A nan za su ga da idonsu cewa mai shagon nan da layinsa suna nan, sutura kawai aka sauya.

Ƙarancin na'ura kuwa zai ragu da kansa idan rabin aikin ya koma takarda da kasuwa. Rukuni 20 ne, ka raba su gida biyu, goma suna ɗakin tepe goma suna waje suna gwaji, su yi musaya. A gaban kowace na'ura ka riƙa sauya mai bugawa duk minti goma sha biyar da agogo, in ba haka ba yaro ɗaya ne zai riƙe allon rubutu zango guda, kuma na lura sau da yawa 'yan mata ne ake turawa baya su zama masu rubuta rahoto.

Sai maki, wanda shi ne linzamin duk abin da na faɗa. Da ni ne, cikin 20 zan ba da 7 ga gwajin baƙo, wato mutumin da bai taɓa ganin manhajar ba ya zauna ya yi ayyuka uku rukunin na tsaye shiru. Zan ba da 5 ga tarihin gyara, takardun farko da abin da aka gani da abin da aka sauya saboda shi. Zan ba da 6 ga gyaran nan take, inda zan kira kowane ɗalibi shi kaɗai in ce ya ƙara fili guda, ko ya sa maɓalli ya mutu idan akwati babu komai, cikin minti goma ina kallo. Ragowar 2 su ne na kyan gani. Da wannan ba ka bukatar zama ɗan sanda a kan ƙirƙirarriyar basira, kuma ban ga amfanin haramta abin da ba ka da ikon hanawa ba. Ka ce musu su yi amfani da abin da suka ga dama, amma duk layin da ke cikin aikinsu za a tambaye su shi. Gyaran nan take zai ci maka kwana biyu ko uku, kuma zai gajiyar da kai, ba zan ɓoye maka ba, sai ka nemi ɗaliban digiri na biyu guda biyu su taimaka.

Malaminka kuma kada ka je masa da kalmar tsufa, domin ba gaskiya ba ce gaba ɗaya, kuma ko da gaskiya ce ba ta bakinka ba ce. Duk abin da na ba ka shawara bai taɓa sunan darasin ba, bai taɓa Java ba, bai goge babi ko ɗaya daga jerinsa ba. Abin da ya sauya shi ne yadda ake tepe da yadda ake raba makin aiki, kuma waɗannan galibi a hannun mai koyarwa suke. Ka same shi shi kaɗai, ba a taron sashe ba, ka ba shi labarin yayarka kamar yadda ka ba ni, ka ɗora laifin a kanka tunda kai ka ba da makin, sa'an nan ka nemi izininsa ka gwada wannan hanya zango ɗaya, ka kuma roƙe shi ya zo ya zauna ranar gwajin baƙo a matsayin babban alƙali. Durƙusa wa wada ba gajiyawa ba ne, balle wannan ba wada ba ne, shi ya koya maka. Zai yiwu ma ya daɗe da sanin matsalar, abin da ya rasa shi ne matashi mai ƙarfin zirga-zirga.

Kafin zango ya fara, ka koma wurin Yaya da goron ban haƙuri, ka roƙe ta ta buɗe maka littafin nan da ta ce ya fi. Ka duba yadda ta jera sunaye, ko da harafi ne ko da layin gidaje ko da ranar kwasa, ka duba alamar da take yi wa wadda ta kawo rabi da wadda ta aiko yaro da wadda ta ce sai gobe, ka kuma ƙirga daƙiƙa nawa take ɗauka ta rubuta zubi ɗaya. Idan ta yarda, ka kwafi tsarin shafi ɗaya da hannunka ba tare da sunan kowa ba, ka zana shi a allo ranar farko, ka rubuta adadin daƙiƙun a ƙarƙashinsa, ka gaya wa ajin cewa wannan ne za su yi ƙoƙarin cin ma. Ka rubuto mini bayan makonni ukun takarda, ina son in ji abin da 'yan Chadin suka yanke game da akwatin kuɗin.